Darasin Rubutu a Jami'a: Me Yake Canzawa a Tunanin Ɗalibi, Kuma Yaushe Yake Tashi a Banza?

Tun da jami'o'in Najeriya suka fara aiki da sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamban 2022, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa a bakin ɗalibai da iyaye a Kano. Yaro ya ci Turanci a WAEC ko NECO, ya sake cin sa a JAMB, ya samu gurbin karatun injiniya ko likitanci, sai ya tarar a zangon farko an ɗora masa wani darasin Turanci da rubutu wanda in bai ci shi ba babu shi babu digiri. Me za a koya masa da bai sani ba? Tambayar ta ƙara zafi a watan Nuwamban 2025, lokacin da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Wasu suka ce to ai an gama magana, Turanci ne komai. Wasu suka ce matsalar yaranmu ta wuce ta harshe.

Kafin a ɗauki ɓangare, yana da kyau a san abin da darasin ya ƙunsa da yadda yake aiki a kan ɗalibi.

Wane darasi ake nufi?

A sabuwar manhajar, wadda ake kira CCMAS a taƙaice, sunansa GST 111, darasin sadarwa da Ingilishi. Ɗaliban Jami'ar Bayero sun fi sanin irin waɗannan darussa na kowa-da-kowa da sunan GSP, a kwalejojin ilimi ana ce musu GSE, a kwalejojin fasaha kuma GNS. Sunan ya bambanta, manufar ɗaya ce: duk wanda ya shiga babbar makaranta, ko mene ne fanninsa, sai ya bi ta wannan ƙofa.

Nauyin darasin yunit biyu ne (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi a jami'a), cikin aƙalla yunit 120 da ake buƙata kafin a ba mutum digirin shekara huɗu. Manhajar ta ware masa awa 15 na lacca da awa 45 na gwaji a aikace, wato lokacin aiki ya ninka na sauraro sau uku. Cikinsa akwai furuci da ginin kalma da ginin jimla, akwai hanyoyin kafa hujja, akwai haƙƙin mallaka da hukuncin satar fasaha, sannan akwai matakan rubutu: shiri, da zubawa a takarda, da bita, da tacewa. A ƙarshe ana son ɗalibi ya iya rubuta rahoto, mai sauƙi da na fasaha.

Akwai kalmomi uku da ake yawan cakuɗa su. Nahawu shi ne dokokin ginin jimla. Ƙa'idojin rubutu su ne inda ake sa aya da waƙafi da babban baƙi, da yadda ake haɗa kalma ko raba ta. Insha'i kuwa shi ne tsara tunani a rubuce har mai karatu ya bi ka daga farko zuwa ƙarshe bai ɓata ba. Ana iya samun mai nahawu tsaf wanda insha'insa fanko ne, ana kuma samun mai kurakurai birjik wanda in ka daure ka karanta za ka ga yana da abin faɗa. Yawancin gardamar da ake yi a kan darasin nan ta samo asali ne daga rashin bambance waɗannan ukun.

Shi kansa tsarin daga waje ya zo. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawar rubutu a 1874, sakamakon ya ba ta kunya, zuwa 1885 ta mayar da insha'i wajibi ga 'yan ajin farko. Kukan cewa sabbin ɗalibai ba su iya rubutu ba ya girmi jami'o'inmu gaba ɗaya, kuma an yi shi har a inda Ingilishi ne harshen gida.

Abin da ke faruwa a kan takarda

Mu ƙaddara wata ɗaliba 'yar ajin farko daga Ɗorayi. An ba su jinga su rubuta shafi biyu a kan matsalar ruwan sha a unguwarsu. Abin da za ta fara kawowa kusan kowane malamin insha'i zai iya faɗar sa tun bai buɗe takardar ba. Za ta buɗe da cewa ruwa shi ne rayuwa, ta kawo ma'anar ruwa daga ƙamus, ta jero dalilai biyar: ƙaruwar jama'a, rashin wuta, cin hanci, fashewar bututu, sakacin gwamnati. Sai ta rufe da kira ga hukuma da masu hannu da shuni su taimaka. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma in ka cire sunan Ɗorayi ka sa Kurna ko Hotoro ko ma Sakkwato, rubutun ba zai motsa ba.

Wannan salo ba laifinta ba ne. Shi ta koya, shi ya ci mata jarrabawa. Insha'in WAEC kalma 450 ne da ake zubawa a zama ɗaya, ba a dawo maka da shi ka gyara, kuma mai dubawa yana da takardu jibgi a gabansa. JAMB kuwa zaɓi-ka-danna ce a kwamfuta, ba a rubuta ko jimla guda. Wanda ya haddace tsari mai aminci ya tsira.

Yanzu a ce malamin ya karanta, bai ja jan layi a ƙarƙashin kowane kuskure ba, sai ya rubuta tambayoyi a gefe. Kusa da "jama'a na shan wahala" ya rubuta: su wa? Kusa da "cin hanci" ya rubuta: in ji wa? Kusa da jerin dalilan ya rubuta: wanne ne ya fi nauyi a layinku, kuma ta yaya kika sani? Ta zo ofis da takardar a hannu ta ce, "Malam, ai kowa ya san haka ne." Ya ce, "To ke me kika gani da idonki? Jarka nawa ake saye a gidanku a rana? Yaushe rabon da famfonku ya kawo ruwa?"

Ta koma gida da tambayoyin da ba su da amsa a ƙamus. Ta ƙirga jarkokin da ake shigowa da su. Ta tsayar da mai ga-ruwa a ƙofar gida ta tambaye shi, "Baba, daga ina kuke ɗebowa, nawa kuke biya a kura?" Ya gaya mata daga rijiyar burtsatse ta wani mai gida ne, kuma duk ranar da babu wuta aka tayar da janareta kuɗin kura yana tashi. A nan ta gano abin da ba ta sani ba lokacin da ta yi rubutun farko: a layinsu, farashin ruwa yana bin farashin mai da samuwar wuta fiye da yadda yake bin abin da ke faruwa a matatar Tamburawa ko ta Challawa, domin an daɗe da daina dogaro da famfo. Rubutu na biyu ya fito da magana ɗaya tak, dalilai biyar sun koma ɗaya mai tushe, kuma ma'anar ruwa daga ƙamus ta fita da kanta don ba ta da sauran aiki.

Masana sun daɗe da ba wannan bambanci suna. A 1987 wasu masu bincike biyu a Kanada, Carl Bereiter da Marlene Scardamalia, suka rarrabe tsakanin rubutun da mutum ke juye abin da ya sani kamar yadda yake a kansa, da rubutun da ke tilasta masa sake sarrafa sanin har ya fita da fahimtar da bai shiga da ita ba. Kafin su, a 1980, Nancy Sommers ta kwatanta ɗalibai ishirin da gogaggun marubuta ishirin a Amurka, ta ga ɗaliban sun ɗauki bita a matsayin canza kalma da wata kalma, su kuwa gogaggun suna rushe tsari ne su sake gini har sai hujjarsu ta tsaya. Sauyin da ake fata daga darasin rubutu yana tsakanin waɗannan biyun, kuma a rubutu na biyu yake faruwa. Ajin da ba a dawo wa ɗalibi da takardarsa ya sake ta ba, da wuya ya kai shi can.

"In ji wa?"

A cikin tambayoyin da malamin ya rubuta, wannan ce ta fi bin ɗalibi har bayan makaranta. Wanda aka matsa masa sau biyu sau uku ya nuna inda ya samo magana, yakan fara yi wa maganar wasu irin wannan tambaya. Saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa an ga kaza a Sabon Gari, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi wajen turawa gaba. Yakan fara bambance abin da ya gani, da abin da aka gaya masa, da abin da yake zato. Kalmomi irin su "wataƙila" da "a mafi yawan lokuta" da "gwargwadon abin da na bincika" sukan shigo maganarsa, su kori "kowa ya sani" da "duk haka suke".

Ga Bakano wannan ba baƙon abu ba ne, ko da yake akan gabatar da shi a aji kamar daga Turai ya sauka. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san isnadi, ya san ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa. Ya san matani daban, sharhi daban, hashiya daban, ba a cusa maganar mai sharhi a bakin mai littafi. Ya ji malami yana cewa a wannan mas'ala akwai ƙauli biyu, ga wanda ya fi rinjaye, ga dalili. Ambaton madogara a rubutun boko, da sa alamar zance a maganar wani, da kawo ra'ayin da ya saɓa wa naka kafin ka amsa shi, duk dangin wannan tarbiyya ne. Malamin da ya haɗa wa ɗalibi waɗannan biyun ya rage masa rabin tafiya, domin satar fasaha takan daina zama wata dokar Turawa mai wuyar ganewa, ta koma abin da ya riga ya sani: jingina wa kanka maganar da ba taka ba cin amana ne.

Akwai wurin da ake samun turjiya. An tarbiyyantar da yaro kada ya ja da na gaba, sai ga darasi yana ce masa ya auna maganar farfesan da ya rubuta littafi, ya faɗi inda bai gamsu ba. Ɗalibai da yawa sukan ji kamar rashin kunya ake koya musu, sai su fake a bayan dogayen maganganun da suka kwafo. Abin da aji mai kyau ke nuna musu shi ne ana iya saɓa wa magana ba tare da an taɓa mutuncin mai ita ba, kuma akwai lafazin yin hakan cikin ladabi. Wannan ma malaman zaure sun riga kowa.

Kaya biyu a kai ɗaya

Ɗalibin Harvard na 1885 tunani kawai ake koya masa tsarawa, harshen nasa ne. Ɗalibar Ɗorayi tana tunani da Hausa, ta yi hira da mai ga-ruwa da Hausa, sannan ta juya komai zuwa Ingilishi, tana tsoron kowace jimla. Idan rubutunta ya fito a daddatse, mai dubawa ba zai iya saurin gane ko tunanin ne bai nuna ba ko harshen ne ya gaza ɗaukarsa. Sau da yawa na biyun ne. Ka ce ta yi maka bayanin da baki da Hausa, sai ka ji hujja a jere.

A nan ne maganar harshen koyarwa ta shigo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, manufar 2022 ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida, sanarwar 2025 ta soke. Hujjar ministan ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa sun fi faɗuwa jarrabawar ƙasa. Masu sukar matakin suna cewa manufar ba ta taɓa samun malamai da littattafan da za a ce an gwada ta ba balle a yanke mata hukunci, suna kuma kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishi. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa: gaskiya ne yaro na buƙatar Ingilishi mai ƙarfi kafin jami'a, gaskiya ne kuma wanda bai taɓa tsara hujja a harshen da ya fi iyawa ba, zai sha wuyar tsara ta a wani. Abin da ya shafi darasin jami'a shi ne, ko wace manufa aka bi, sakamakonta sai bayan shekara goma sha biyu zai iso ajin farko. Ɗaliban da ke zaune a ɗakin lacca yau da abin da suka zo da shi za a yi aiki. Shi ya sa wasu malamai ke barin ɗalibi ya tsara tunaninsa da Hausa tukuna, a baki ko a takarda, kafin ya juya. Wasu kuma na ganin hakan yana haifar da Turanci mai ƙashin Hausa, gara a saba da tunani da Ingilishin kai tsaye.

Inda malamai suka rabu

Saɓani mafi tsufa shi ne da me za a fara. Masu cewa nahawu tukuna suna da hujja mai ƙarfi a Kano: ba ka koya wa mutum ginin bene alhali bai iya ɗora bulo ba, kuma takardar neman aiki mai kuskure a layin farko ba a karanta na biyu. Masu cewa a fara da rubutu suna dogara da bincike irin rahoton da ƙungiyar malaman Ingilishi ta Amurka ta fitar a 1963, wanda ya ce koyar da dokokin nahawu su kaɗai ba ya inganta rubutu sosai. Sai dai wancan bincike a kan yaran da Ingilishi ne harshensu aka yi shi, ɗaukar sa a dasa a Kano yadda yake ganganci ne. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a koyar da nahawun daga cikin rubutun ɗalibin kansa, a ɗauki kuskure biyu ko uku da yake maimaitawa a yi aiki a kansu, maimakon a cika takarda da jan biro har ya rasa ta inda zai fara.

Saɓani na biyu, wa ya kamata ya koyar. Rahoton ɗakin gwaje-gwaje da sharhin hukuncin kotu da bayanin jinyar mara lafiya ba tsarinsu ɗaya ba, don haka wasu ke ganin darasi guda na kowa-da-kowa ba zai wadatar ba, kowane sashe ya koya wa nasa. Sabuwar manhajar ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da kanta, NUC ta riƙe 70. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki wannan rabo a 2023, tana cewa ya shiga hurumin majalisar malaman jami'a. Duk da haka, a cikin kashi 30 ɗin akwai filin da sashe zai iya sa darasin rubutu na fanninsa a aji biyu ko uku in ya ga dama.

Amma abin da ya fi duk waɗannan yanke hukunci shi ne lissafi. A ce malami ɗaya yana da ɗalibai 500, kowace takarda ta ci masa minti goma. Awa 83 ke nan da ɗoriya a jinga ɗaya, ban da karanta ta a karo na biyu. Wannan ne ya sa makarantu da dama suka mayar da jarrabawar irin waɗannan darussa ta kwamfuta. Tana da sauri, tana rage son kai da ɓatan sakamako, amma tana auna ko ɗalibi ya san ma'anar sakin layi ne, ba ta auna ko zai iya gina shi. Awa 45 da manhaja ta ware wa aiki suna buƙatar ƙananan rukunoni da mataimakan malamai. Inda babu su, wasu malaman kan sa ɗalibai su yi musayar takardu su yi wa juna tambayoyi uku da aka tsara, wanda bai kai idon malami ba amma ya fi babu mai karatu sam.

Shigowar ChatGPT

An saki ChatGPT, manhajar kwamfuta mai rubuta wa mutum abin da ya nema, a ƙarshen Nuwamban 2022, kwanaki kaɗan kafin ƙaddamar da CCMAS, don haka ba da shi aka tsara ta ba. A da ɗalibi kan kwafo daga intanet ko ya biya a shagon buga takardu a haɗa masa, kuma manhajar kwamfuta irin Turnitin kan iya kama kwafe. Yanzu waya na ba shi shafi biyu masu tsabtar nahawu cikin daƙiƙoƙi. Abin lura shi ne irin rubutun da na'urar ta fi saurin fitarwa shi ne na farkon ɗalibar Ɗorayi: ma'ana, dalilai biyar, kira ga hukuma. Ba ta san nawa kura take a layinsu ba, ba ta yi magana da mai ga-ruwa ba. Masu son a hana ta gaba ɗaya suna tsoron ɗalibi zai tsallake wahalar da ita ce ke gina tunanin. Masu son a yi amfani da ita suna cewa ga wanda Ingilishi ke yi wa nauyi, ta zama mai gyaran nahawun da bai taɓa samu ba. Matakan da malamai ke komawa gare su sun haɗa da rubutun farko da hannu a cikin aji, da jingar da sai an fita an tambayi mutane, da tsayar da ɗalibi minti biyu ya kare abin da ya miƙa.

Abin da zai shafi ɗalibi da iyayensa

Na kusa shi ne aljihu da lokaci. Darasin wajibi ne, wanda ya faɗi sai ya maimaita, kuma in ya bi shi har ajin ƙarshe yana iya jawo ƙarin zango da ƙarin kuɗin rajista. Ɗalibai kan raina shi don yunit biyu ne, su bar shi sai daren jarrabawa.

Na nesa yana bayyana a aji huɗu, ranar da aka ce a kawo babi na ɗaya na kundin digiri. Wanda bai taɓa sake rubutu sau biyu ba yakan tsaya cak, daga nan ne kasuwar sayen kundi ke samun ciniki, iyaye su biya ba tare da sun san me suka saya ba. Bayan makaranta kuma, ma'aikaciyar jinya za ta rubuta bayanin miƙa aiki wanda ran mara lafiya ya rataya a kansa, injiniya zai rubuta dalilin da ya sa gini ya tsage, sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Kantin Kwari zai rubuta koke ga hukuma wanda in bai fito da magana ɗaya mai hujja ba, sai a ajiye shi a fayil.

Uban da ke son sanin wane irin aji ɗansa ya samu ba ya buƙatar jin Turanci. Ya tambaye shi sau nawa ya yi rubutu a zangon nan, ko an dawo masa da takardar, ko akwai abin da aka rubuta a gefe ban da maki. In amsar babu ce, ana iya cike wani ɓangare a gida: yaron ya karanta abin da ya rubuta, ya faɗe shi da Hausa a gaban yayarsa ko mahaifinsa, su tsayar da shi duk inda ya ce "kowa ya sani" su tambaye shi wa ya gaya masa.